Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin gundumar Pakke-Kessang: a tsare bishiyoyin sheƙa na dajin Papum kafin watan Maris

Zuwa ga babban jami'in mulki na gundumar Pakke-Kessang da ke Lemmi, da jami'an gandun daji na Seijosa da Bhalukpong, da iyayen ƙasa masu garuruwa na al'ummar Nyishi, jihar Arunachal Pradesh, ƙasar Indiya.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne kan magana guda. Manyan cilakowan da suka ɗaukaka sunan gundumarku sun samu sauƙin bindiga, amma zarto mai inji na cinye bishiyoyin da suke haihuwa a ciki. Yawancin ɓarnar kuwa a wajen gandun Pakke take faruwa, a dajin Papum da ke maƙwabtaka da shi ta gabas, inda tsaro ya fi rauni.

Gundumarku sabuwa ce, a 2018 aka yanke ta daga Kameng ta Gabas. Amma abin da ta gada ba ƙarami ba ne. Gandun Pakke, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 862, ya zama mafakar namun daji tun 1977, aka kuma mai da shi gandun damisa mai zane a 2002. Jinsi huɗu na cilakowa ke rayuwa a yankin: babban cikinsu da Nyishi ke kira paga, wanda shi ne tsuntsun jiha, da mai jakar wuya, wanda jakar namiji rawaya ce ta mace shuɗiya, da ƙarami mai baƙi da fari, sai mai jan wuya da ya fi son tudu. Uku daga cikinsu suna jerin tsuntsayen da ake fargabar raguwarsu a duniya, paga da mai jakar wuya sun shiga jerin a 2018. Dokar kare namun daji ta 1972 ta haramta kashe su.

Dole a yaba wa al'ummar Nyishi, domin sun yi abin da ba kowace al'umma ke iya yi ba. Bakin paga da tozon da ke samansa su ne ƙawar hular kwagiri ta magidanci, alamar girma ce da aka gada. Amma tun farkon shekarun 2000 mutane suka karɓi bakin kwaikwayo na faibagilas a madadin na gaske. Majalisar masu garuruwa ta Ghora-Aabhe ta sa tara kan farauta. Daga 2012 shirin riƙon sheƙa ya kankama tare da ƙungiyar Nature Conservation Foundation da ma'aikatar gandun daji: mutanen birni suna biyan kuɗi, mutanen ƙauye, wasunsu tsofaffin mafarauta, suna gadin sheƙa. Bikin Pakke Paga da aka fara a Seijosa a 2015 ya zama bikin jiha a 2019, sannan a 2021 aka ƙaddamar da shirin miƙa bindigogin iska a Lumdung. Mutanen gari sun sauke nasu nauyin. Abin da ya rage yana hannun hukuma.

Kafin mu faɗi abin da muke roƙo, bari mu bayyana yadda tsuntsun nan ke haihuwa, domin duk shawarar da za a yanke daga nan take fitowa.

Cilakowa ba ya sassaƙa rami da kansa. Yana jira ne reshe ya karye, ruɓa ta ci cikin bishiya, ko maƙwaƙwafi ya fara huda, har a samu kogon da zai ɗauki tsuntsu mai tsawon mita guda da nauyin kilo 2 zuwa 4. Irin wannan kogo sai a tsohuwar bishiya mai kauri, can sama. A ƙasan tudun Pakke da Papum mafi yawan sheƙuna suna jikin bishiya ɗaya, bhelu, wadda masana ke kira Tetrameles nudiflora. Doguwa ce da kan zarce sauran daji, gindinta da fukafukai kamar na rimi, itacenta kuma mai taushi ne, shi ya sa take yin kogo. Bayanta sai wata bishiya da ake kira borpat.

Wajen watan Maris macen paga da ta mai jakar wuya ke shiga kogo, ƙaramin jinsin kuma ya biyo baya wajen Afrilu. Da ta shiga sai ta liƙe ƙofar da kashinta da ɓargon 'ya'yan itace, ta bar 'yar tsaga wadda baki kawai zai wuce. A ciki take zubar da gashin fukafukanta, wato ko an buɗe mata ba za ta iya tashi ba sai sabo ya fito. Namiji ne ke ciyar da ita, daga baya har da ɗan. Yakan cika maƙoshi da ɓaure da sauran 'ya'yan itace, ya manne a bakin kogo, ya riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya yana miƙa mata ta tsagar. In an ƙyanƙyashe yakan haɗa da ƙadangare, ƙwari, ƙaguwa ko ɗan ɓera. Haka zai yi ta jigila wata huɗu ko kusa da haka, sai Yuli ko Agusta ɗan ya fito. Manyan jinsunan biyu ɗa guda suke fitarwa a shekara, in ma an dace.

Don haka harsashi ɗaya da ya samu namiji a watan Mayu rai uku ya kashe. Bishiya ɗaya da aka kayar kuma ba ta shekarar kaɗai aka yi asara ba, domin ma'aurata kan koma kogo ɗaya shekara da shekaru. Ko ba a taɓa bishiyar ba, ƙarar inji kusa da ita a makonnin da macen ke leƙa kogo tana shawarar shiga ya isa ya sa su yi watsi da wurin. In sun bar shi ba lallai su samu wani ba, saboda kogo mai kyau ya yi ƙaranci har jinsunan suna ƙwace wa juna, ga ƙudan zuma da damo da kurege mai tashi duk suna nema.

Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna dajin Papum ya rasa murabba'in kilomita kusan 32 tsakanin 2013 da 2017 kaɗai, kuma asarar ta fi tsanani a ƙasan tudu, daidai inda bhelu ke tsirowa. Wannan ya faru ne duk da hukuncin Kotun Ƙoli ta Indiya na Disamban 1996 da ya hana sare itace a daji ba tare da amintaccen tsarin aiki ba. Doka ba ta yi ƙaranci ba.

Yadda aikin ke tafiya sananne ne. Da damina ta ɗauke wajen Oktoba, koguna su janye, sai gadon kogin ya zama hanyar mota. A shiga da zarto mai inji, a kayar da itace, sau da yawa a tsaga shi falanki a nan inda ya faɗi domin falanki ya fi gungume sauƙin ɓoyewa da ɗauka. A ja shi zuwa bakin rafi, a loda da dare, a gangara filayen Assam inda kasuwa take. Masu sara sun fi son itace mai tauri da tsada irin su hollock da jutuli da bonsum. Wani zai ce ai to bhelu ta tsira, tunda itacenta na akwati da falawud ne. Ba ta tsira ba. In masu tsadar sun ƙare ana komawa kanta. In kuma an bar ta tsaye ita kaɗai a fili, iskar farkon damina na karya ta, namiji kuma dole ya yi doguwar tafiya kafin ya cika maƙoshi, saboda wasu daga cikin itatuwan da aka sare, musamman dangin bonsum, su ne abincinsa. Sannan lokacin da sara ya fi zafi, Janairu zuwa Afrilu, shi ne daidai lokacin zaɓen kogo da shigarsa.

A nan muke ganin gurbin da ofishin gunduma kaɗai zai iya cikewa. Gandun Pakke yana da nasa shugabanci da masu gadi a Seijosa. Papum kuwa, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,000, yana ƙarƙashin sashen gandun daji na Khellong, wanda hedkwatarsa ke Bhalukpong, a wata gundumar. Kogin Pakke ne kawai tsakanin dazukan biyu, tsuntsu na tsallake shi sau da yawa a yini, amma rahoto kan ɗauki kwanaki kafin ya tsallaka daga wannan tebur zuwa wancan. Mai gadin sheƙa da ya ji ƙarar inji da safe ba shi da ikon kama kowa. Kafin saƙonsa ya kai ga mai iko, katako ya fita. Babban jami'in gunduma shi ne majistare na yankin, 'yan sanda na amsa kiransa, masu garuruwa kuma suna aiki da shi tun daga dokar 1945 da ta ba su hurumin sasanta ƙananan shari'u. Shi ne zai iya zaunar da kowa a tabarma ɗaya.

Abu na farko da muke roƙo shi ne rajistar bishiyoyin sheƙa, wadda ofishin gunduma da sassan gandun daji biyu za su sa wa hannu tare. Kowace bishiya a rubuta jinsinta, kaurinta a daidai ƙirjin mutum, tsayin kogon daga ƙasa, jinsin tsuntsun da ke amfani da ita, ƙauyen da ke kusa, da wurinta a na'urar GPS. A sa har da bishiyoyin da ba a shiga kogonsu ba bana, domin sau da yawa ana komawa kansu bayan shekara biyu ko uku. Amma a yi hattara da abu biyu. Kada a shafa wa bishiyar jan fenti ko a kafa mata allo, kuma kada a baza lambobin GPS a intanet ko a cikin rahoton da kowa zai iya saukewa. Yin haka nuna wa mai mugun nufi hanya ne. Rajistar ta tsaya a hannun mutane kaɗan da aka sani.

Bisa wannan rajista sai a fitar da umarnin majistare duk shekara, tun watan Janairu, ba sai Maris ba, tunda an lura a wasu shekarun tsuntsayen na shiga kogo da wuri. Shawararmu ita ce kada a sare komai, kowane lokaci, cikin tazarar mita 100 daga bishiyar sheƙa, kuma daga Fabrairu zuwa ƙarshen Agusta kada a tayar da zarto mai inji ko motar tono cikin tazarar kilomita guda. A karanta umarnin da harshen Nyishi a kowane ƙauye ta bakin mai gari. Takardar da aka manna a bangon ofis da Turanci ba ta kai ga mai riƙe da zarto.

Shi kansa zarton a yi masa rajista. Kowane inji yana da lamba a jikinsa. A rubuta lambar da sunan mai shi da ƙauyensa, duk wanda aka samu a daji babu rajista a ƙwace. Wannan ya fi bin sawun katako sauƙi, domin inji ɗaya na iya kayar da abin da gatari goma ba za su kayar ba. Shingen bincike kuma ba a kan kwalta kaɗai ake buƙatarsa ba. A ajiye na wucin gadi a bakin rafukan da mota ke bi da rani, a riƙa sauya ma'aikatan da ke wurin a kai a kai don kada sabo ya shiga tsakaninsu da direbobi, a kuma kafa layin waya kai tsaye da takwarorinku na Assam. Lambar waya ɗaya da mai gadin sheƙa zai kira, da alƙawarin cewa za a iso a ranar, ta fi taron bita goma amfani.

Sai dai duk wannan zai rushe in aka manta cewa mutane na zaune a bakin dajin. Gidan Nyishi na gora da katako ne a kan turaku, yana buƙatar gyara, iyali na ƙaruwa. In hukuma ta ɗauki magidancin da ke neman ginshiƙi huɗu daidai da ɗan kasuwar da ke loda babbar mota, to ta rasa amincewar ƙauyen gaba ɗaya, kuma babu mai sake kawo mata labari. A buɗe hanya mai sauƙi: mai gari ya sa hannu, jami'in daji ya je ya nuna bishiyar da za a sare, wadda ba ta sheƙa ba ce ba kuma ta abincin tsuntsu ba, a buga hatimi a kututturen, a gama cikin mako biyu ba tare da an tura mutum wata gunduma ba. Haka nan diyyar gonar da giwa ta ɓata a biya ta kan lokaci. Manomin da giwa ta cinye wa shinkafa, ya yi ta zirga-zirga bai ga ko rupi ba, da wuya ya saurari wa'azin kare tsuntsu.

Masu gadin sheƙa su ne ƙashin bayan aikin, kuma aikinsu na da ƙa'ida. Ba a tsayawa a gindin bishiya. Ana zama nesa, mita 30 zuwa 50, a bayan ganye, da madubin hangen nesa, da sassafe lokacin da namiji ya fi kawo abinci. Ana rubuta ranar da macen ta shiga, ranar da aka ga ƙofa ta liƙe, ranar da aka fara jin kukan ɗa, da ranar fita. In namiji bai zo ba, ana duba ƙasan bishiyar: sheƙa mai rai tana tara sabon kashi da ƙwallayen 'ya'yan itace da aka tofo, in tarin ya bushe to akwai matsala. Mutumin da ya iya wannan ba a samun sa a rana ɗaya. Amma albashinsa ya dogara ne da kyautar masu riƙon sheƙa, wadda ke hawa da sauka. Muna roƙon gunduma ta nemo musu kaso tabbatacce, misali daga asusun diyyar dazukan da aka sare don ayyukan gwamnati, a biya su wata goma sha biyu. Bayan Agusta aikinsu bai ƙare ba, domin a lokacin ne masu jakar wuya ke taruwa da yawa su kwana a kan dogayen itatuwa dangin gurjiya a bakin kogi, inda suka fi sauƙin harbi. Su kuma samu takalmin ruwa, rigar ruwa, safar kariya daga matsattsaku, da inshora, tunda dajin da suke shiga akwai giwa.

Akwai wani aiki da ba a cika maganarsa ba, alhali yana dawo da sheƙa da kuɗi kaɗan, wato gyaran kogo. Kogo na lalacewa ko da bishiya na tsaye lafiya. Ruɓa kan ci ƙasansa ya zurma, har macen ta kasa kai baki tsaga ta karɓi abinci, ta kuma kasa juyawa ta harba kashi waje. Wani lokaci ruwan sama ke shiga ta wata ɓaraka ya kwanta, ƙwai ya ruɓe. Wani lokaci ɓawon bishiyar ke girma ya matse ƙofa har tsuntsu ba zai wuce ba, ko gefe ya ɓalle ƙofar ta yi faɗin da ba za ta liƙu ba, dabba mai hawa bishiya ta samu hanya. Masu bincike a Tailan sun daɗe suna gyara irin waɗannan, an kuma yi a Pakke. Ana hawa da igiya da ɗamara, ba a buga ƙusa a jikin bishiya. Ƙasan da ya zurma a cika shi da ƙasa da ruɓaɓɓen itace a daddanna har ya matso kusa da bakin ƙofa. In ruwa ke kwanciya a toshe ɓarakar sama, a huda 'yar magudana a ƙasa. Ƙofar da ta matse a faɗaɗa ta da kurfi kaɗan kaɗan, wadda ta yi faɗi a rage ta da katako. Duk wannan tsakanin Oktoba da Disamba ake yi, a gama a janye kafin ma'aurata su fara zagayen duba kogo. Wanda ya hau a Fabrairu ya kori abin da ya zo taimako. A horar da samarin Seijosa huɗu ko shida kan hawan igiya, a saya musu kayan, aikin ya zauna a gida. Akwatunan sheƙa da ake ratayawa kuwa kada a dogara da su, ƙaramin jinsin ne ya fi karɓarsu.

Game da dashen itatuwa, muna goyon baya, da sharaɗin kada a lissafa shi a matsayin madadin abin da aka sare. Bhelu da aka dasa bana sai ta shekara gommai kafin ta yi kogo. Amfanin dashe shi ne mayar da abinci da inuwa kewaye da bishiyoyin da suka rage. Kuma irin da ya dace ba ya ajiyuwa: ƙwallayen dangin bonsum da na dangin gyaɗar ƙamshi suna mutuwa in sun bushe, sai a tsince su a shuka cikin 'yan kwanaki. Wuri mafi kyau na tsinta shi ne ƙarƙashin sheƙa bayan ɗa ya fita da ƙarƙashin makwanci, inda dama yawancinsu ɓeraye ke cinyewa. A raine su a leda a inuwa har su kai gwiwa ko fiye, a dasa da faɗuwar ruwan farko, a yi shinge saboda shanu da mithun, wata dabbar kiwo dangin shanu ta yankin, a kuma yi ta nome ciyawa mai naɗewa shekara biyu zuwa uku. Rashin noman nan ne ke kashe yawancin dashe, ba rashin ruwa ba. Gandun renon itatuwa da ke Darlong ya riga ya san waɗannan jinsuna, a faɗaɗa shi maimakon a sayo tsiron waje.

A watan Nuwamban 2021 majalisar zartarwar jiha ta zauna a nan Seijosa ta amince da sanarwar Pakke, mai buri har zuwa shekarar 2047, kan sauyin yanayi da kare daji. Sunan gundumarku ke kan wannan takarda. Don haka duk wata hanya ko kwangila da za ta ratsa ƙasan tudu, irin wadda aka taɓa shawartawa tsakanin Seijosa da Bhalukpong, a ɗora taswirarta kan rajistar sheƙuna tun kafin a auna, ba bayan an kai motocin tono ba.

Muna roƙon a kira zama ɗaya a Seijosa kafin ƙarshen Disamba, da shugabannin gandun Pakke da na Khellong, da 'yan sanda, da Ghora-Aabhe, da masu gadin sheƙa su kansu a cikin ɗakin. A fito da rajista, da umarnin Janairu, da lambar wayar gaggawa. A watan Satumba kuma a sake zama, a karanta a bainar jama'a bishiya nawa ke cikin rajista, nawa ke tsaye har yanzu, nawa aka shiga, da 'ya'ya nawa suka fita.

Mun gode da sauraro. Ku huta lafiya.

Daga wasu masu nazarin tsuntsaye da aikin gandun daji.